Ido Biyu, Hoto Ɗaya: Rigimar Masu Ƙirƙira Kan Hoto Mai Zurfi



Duk wanda ya tashi a zango a shekarun 1970 zai tuna tsarabar da yara suka fi ɗoki idan alhazai sun sauka. Dabino da zamzam da carbi rabon manya ne. Mu yara idonmu yana kan wani ɗan akwatin roba mai tagogi biyu, wanda ake kangawa a fuska a fuskanci haske, a danna ɗan hannun da ke gefe, faifan takarda ya juya, hoto ya sauya. A ciki muka fara ganin Ka'aba da tantunan Mina da kubbar Madina. Masu arha daga cikinsu hoto shimfiɗaɗɗe suke nunawa, amma masu kyau sukan sa ka ga ginshiƙi ya matso gabanka, jama'a sun ja baya, har ka miƙa hannu kamar za ka taɓa. Mukan yi layi a zaure, kowa ya leƙa sau uku ya miƙa wa na bayansa. Babu wanda ya taɓa tambaya a cikinmu wane ne ya fara gano wannan dabara, ko wa ya ci ribarta.

Sai da na girma na san cewa wannan ɗan abin wasa jika ne ga wata na'ura da manyan masana biyu na Ingila da Sikotlan suka ɓata zumuncinsu a kanta, kuma tattaɓa-kunnenta ya kai wani injiniya ɗan Japan da wani katafaren kamfani gaban alƙalan Amurka har shekara shida. Ra'ayin da nake son kare wa a wannan rubutu shi ne, yawancin irin waɗannan rigingimu suna tasowa ne daga cakuɗa haƙƙoƙi biyu da ya kamata a raba: haƙƙin a ambaci sunan wanda ya gano abu, wanda ba ya tsufa, da haƙƙin cin ribarsa, wanda yake da iyaka da wa'adi. Wanda ya kasa raba su, ko dai ya zalunci mai ƙirƙira, ko ya zalunci jama'a.

Bari mu fara da abin da kowa zai iya gwadawa a inda yake zaune. Ɗaga yatsanka a gaban fuskarka, ka rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan ya yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Dalili kuwa tsakanin idanunka akwai tazarar kimanin santimita 6 da rabi, saboda haka kowane ido daga kusurwarsa yake hangen duniya, hoton da ke isa gare shi kuma ya ɗan saɓa da na ɗan'uwansa. Ƙwaƙwalwa ce take karɓar hotunan biyu ta auna saɓanin da ke tsakaninsu, daga wannan awo ta san abin da ke kusa da abin da ke nesa. Duk wata na'urar hoto mai zurfi, daga ɗan akwatin alhazai zuwa gidajen sinima masu raba tabarau a bakin ƙofa, aikinta ɗaya ne: ta ba idon hagu hotonsa, ta ba na dama nasa, ta hana kowanne leƙa rabon ɗan'uwansa. Hanyar yin hakan ce ta bambanta, kuma a kan hanyar ake faɗa.

Wanda ya fara bayyana wannan sirri a fili shi ne Charles Wheatstone, malami a King's College da ke Landan. A watan Yuni na 1838 ya gabatar wa majalisar masana ta Ingila, wato Royal Society, da maƙala tare da na'ura mai madubai biyu da aka haɗa bakinsu kamar kusurwar ɗaki, ga zane ɗaya a hagu, ga ɗaya a dama. Idan mutum ya kusanto da hancinsa mahaɗar madubin, zane biyu shimfiɗaɗɗu sai su haɗe su zama siffa guda mai tudu da kwari. Da hannu ya zana hotunan, domin sai a shekarar da ta biyo baya, 1839, aka sanar da duniya dabarar ɗaukar hoto da kyamara. Shi ne kuma ya raɗa wa na'urar sunan da ake kiranta da shi har yau, sitiriyoskof. Wheatstone ya san darajar takardar mallakar ƙirƙira, domin a 1837 shi da abokin aikinsa William Cooke sun karɓi irinta a kan wayar tangarahu, har daga baya suka yi jayayya kan wanda ya fi cancantar yabo. Amma wannan na'ura ta gani bai nema mata takarda ba. Ya ɗauke ta a matsayin hujjar ilimi, ya wallafa, ya wuce.

Na'urar tasa babba ce, ta fi dacewa da teburin malami. A 1849 wani masanin haske ɗan Sikotlan, David Brewster, ya fito da ƙarama wadda ta maye madubai da gilasai biyu, akwati ne da za a riƙe a hannu a zura masa kati mai hoto biyu. Maƙeran ƙasarsa ba su ga abin kasuwa a ciki ba, sai ya kai ta Paris wurin wani gwanin haɗa kayan gani, Jules Duboscq. A babban baje kolin Landan na 1851 Sarauniya Biktoriya ta leƙa ta yaba, abin da sarauniya ta yaba kuwa ba ya kwantai. Cikin 'yan shekaru akwatin ya shiga gidajen masu hali a Turai, a 1854 aka kafa kamfani a Landan wanda sana'arsa ita ce buga katunan hoto biyu-biyu.

Da a nan labarin ya tsaya, da kowa ya tsira da mutuncinsa: wannan ya gano asali, wancan ya sauƙaƙa. Brewster da kansa yana cikin waɗanda suka yaba wa Wheatstone a 1838. Amma da suna ya yi suna, sai zuciya ta raya masa cewa rabonsa ba zai cika ba sai an rage na wani. A littafin da ya wallafa a 1856 ya yi ta ƙoƙarin nuna cewa Wheatstone bai zo da sabon abu ba, ya ɗauko wani malamin lissafi na Edinburgh mai suna James Elliot ya ce shi ne ya riga tunanin abin, alhali na'urar Elliot ba ta bayyana ba sai bayan maƙalar 1838. A wannan shekara ta 1856 suka yi ta musayar wasiƙu masu zafi a jaridar The Times. Wheatstone kuwa yana da shaida, domin tun 1833 wani abokin aikinsa likita, Herbert Mayo, ya ambaci bincikensa a cikin littafi. Da wannan ƙofa ta rufe, Brewster ya koma ga wasu zane biyu na wani mai zane ɗan Italiya, Jacopo Chimenti, wanda ya rasu a 1640, da ke ajiye a gidan tarihi na birnin Lille a Faransa, ya ce ai ga hoto mai zurfi tun kafin a haifi kakan Wheatstone. Masu bincike da suka auna zanen daga baya sun nuna cewa saɓanin da ke tsakaninsu na hannun mai kwafi ne, babu tsarin da zai haifar da zurfi na gaskiya.

Adalci ya sa a faɗi abin da ya taɓa samun Brewster. A 1817 ya karɓi takardar mallaka a kan wani bututu mai madubai da ɓarɓashin gilashi masu launi, wanda idan aka juya shi yake fitar da ado iri-iri. Kafin ya fara cin ribarsa, samfurin ya faɗa hannun masu kwaikwayo, suka cika kasuwannin Landan da Paris da dubun-dubatarsa, shi kuwa ya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda aka yi wa haka ba abin mamaki ba ne ya zama mai tsananin kishin sunansa. Sai dai zaluncin da 'yan kasuwa suka yi masa bai ba shi izinin rage wa Wheatstone mudu ba. An ci masa haƙƙin riba, sai ya je ya rama a kan haƙƙin ambaton wani wanda bai ci masa komai ba.

A nan nake son jan hankalinmu, mu da muka yi karatun zaure, domin akwai Brewster a cikin kowannenmu. Idan aka ta da zancen ilimin gani, nan take mukan ambaci Hasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, mai Kitabul Manazir. Kuma ya cancanci ambato. Shi ne ya kafa hujja da gwaji cewa gani yana samuwa ne da hasken da ke shiga ido, ya kuma yi bincike da allo da 'yan turaku kan yadda ido biyu ke ganin abu ɗaya a matsayin ɗaya, da lokacin da suke ganinsa biyu. Amma cewa ɗan saɓanin da ke tsakanin hotunan biyu shi ne yake haifar da jin zurfi, har a iya yaudarar ƙwaƙwalwa da zane biyu a takarda, wannan na Wheatstone ne. Idan muka ce Ɗan Haisam ne ya ƙirƙiro sitiriyoskof don mu ji daɗi, mun yi abin da muke zargin wasu da yi mana. Malamanmu na isnadi sun koya mana jingina kowace magana ga mai ita, ba tare da ƙari ko ragi ba, wannan ladabi kuwa bai keɓanta da wanda muke so ba.

Sai mutum na uku, wanda ya bi wata hanya dabam. Oliver Wendell Holmes likita ne kuma marubuci a birnin Boston na Amurka. Wajen 1861 ya tsara nasa samfurin: ɗan katako mai mariƙi, da rumfar ido, da wurin ɗora kati. Ya fi na Brewster sauƙi da arha nesa ba kusa ba. Da gangan ya ƙi neman takardar mallaka, ya bar wa duk mai so ya ƙera. Sakamakon haka samfurinsa ya mamaye gidajen Amurka shekaru da dama, har yau kuma da sunansa ake kiransa. Daga wannan zuriya ce View-Master ta fito a 1939, mai faifan takarda ɗauke da hotuna 14, wato bakwai biyu-biyu, wadda ita da masu kwaikwayonta suka iso zaurukanmu cikin jakar alhazai. Holmes ya sarayar da riba ya riƙe suna. Abin yabo ne, amma a lura, likita ne mai albashi da littattafai masu sayuwa. Kyautar mai wadata ba ta zama farilla a kan wanda ƙirƙirarsa ita ce gonarsa.

To, mece ce ita wannan takarda da ake ta faɗa a kanta? Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana sirrin abin da ya ƙera dalla-dalla, yadda duk gwanin fannin zai iya karantawa ya ƙera irinsa. Ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙerawa ko sayarwa ba da izninsa ba zuwa wani wa'adi, bayan wa'adin abin ya zama na kowa. Birnin Venice ya kafa irin wannan doka tun 1474 da wa'adin shekara 10, Ingila ta yi tata a 1624 da shekara 14, a yau kuma yarjejeniyar cinikayya ta duniya ta tsayar da shekara 20 daga ranar shigar da takarda. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, takardar ba ta mallaka wa mutum tunani sukutum. A ƙarshenta akwai wasu jimloli masu lamba da ke zayyana iyakar abin da yake da'awa, kamar yadda takardar fili ke cewa daga tsamiya zuwa rijiya. Na zauna a gefen mai gida ina rubuta shaida a rigingimun fili da ba zan iya ƙirgawa ba, kuma abin da na koya shi ne, wanda ya fara share daji ba ya mallakar duk inda idonsa ya kai, sai inda gatarinsa ya sara.

Wannan iyaka ita ce zuciyar shari'ar Seijiro Tomita da kamfanin Nintendo. Tomita injiniya ne da ya shafe kusan shekara 30 yana aiki a kamfanin Sony kafin ya ajiye ya koma binciken kansa. A 2008 Amurka ta ba shi takardar mallaka mai lamba 7,417,664 a kan wata hanya ta ɗauka da nuna hoto mai zurfi. A farkon 2011 Nintendo ya fitar da na'urar wasan hannu mai suna 3DS, wadda ke nuna zurfi ba tare da tabarau ba. Dabarar allon nata kamar asabari ce: idan ka tsaya a bayan asabari, idon hagu yana hango wasu tsage-tsage na waje, na dama yana hango wasu. Haka aka ɗora siririn shinge mai tsaga-tsaga a kan allon, aka yanka hotuna biyu siri-siri aka jera su bi da bi, kowane ido ya ga nasa. Wannan dabara tsohuwa ce, domin Ba'amurke Frederic Ives ya karɓi takarda a kan irinta tun 1903, kuma ba a kanta Tomita ya kai ƙara ba. Da'awarsa tana kan kyamarori biyu da ke bayan na'urar, da yadda ake amfani da bayanin mahaɗar ganinsu wajen tsayar da gwargwadon gocewar hoton hagu daga na dama, don zurfin ya fito daidai ba tare da gajiyar da ido ba. Ya kuma ce tun 2003 ya nuna wa ma'aikatan kamfanin samfurinsa a hedikwatarsu da ke Kyoto.

Ya shigar da ƙara a kotun tarayya ta New York a 2011. A watan Maris na 2013 masu taya alƙali yanke hukunci, waɗanda ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari, suka ba shi gaskiya da diyyar dala miliyan 30.2. A watan Agusta alƙali Jed Rakoff ya ce kuɗin sun wuce kima, ganin cewa yawancin wasannin na'urar ba sa amfani da abin da ake jayayya a kai, ya raba su biyu zuwa miliyan 15.1, daga baya kuma ya yanka masa la'adar kashi 1.82 cikin ɗari na farashin sari a kan kowace na'ura da za a sayar nan gaba. Jaridu suka yi ta murnar ƙaramin mutum ya kayar da giwa. Sai Nintendo ya ɗaukaka ƙara. A watan Disamba na 2014 kotun sama ta ce an faɗaɗa fassarar ɗaya daga cikin jimlolin iyaka fiye da abin da takardar ta zayyana: Tomita ya bayyana takamaiman kayan lantarki da ke yin aikin gocewar hoto, saboda haka su da makamantansu kaɗai ya mallaka, ba duk hanyar da za ta kai ga wannan sakamako ba. Aka mayar da shari'a wurin alƙalin farko. A watan Afrilu na 2016 ya yanke cewa 3DS da lissafin manhaja take yin aikin, hanyar kuma ta bambanta da ta Tomita bambanci mai yawa, don haka babu keta haƙƙi. A watan Maris na 2017 kotun sama ta tabbatar. Miliyan 30 suka koma babu.

Na san inda zuciyar mai karatu ta karkata, domin tawa ma can ta fara karkata. Mu mutane ne da suka saba ganin babba ya danne ƙarami, kuma Bahaushe ya riga ya ce shari'a saɓanin hankali. Duk da haka, ina ganin ƙa'idar da kotun sama ta tsaya a kai daidai ce. A ce an bar mutum ya zayyana hanya ɗaya a takarda, sannan ya mallaki duk hanyoyin da ke kaiwa wurin, da magadan Ives sun rufe wa Tomita ƙofa, da Wheatstone ya so ya rufe wa Brewster, da kuma ɗan akwatin alhazai bai taɓa isowa zaurenmu da arhar da ya iso ba. Wanda ya haƙa rijiya yana da iko da rijiyarsa da gugarsa, amma ba ya hana maƙwabci haƙa tasa don su biyun ruwa suke nema. Faɗaɗa iyaka yana daɗi ranar da ƙarami ne mai ƙara. Washegari manyan kamfanoni, waɗanda kowannensu ke riƙe da dubban takardu, su ne za su ɗauki wannan sanda su bugi ƙanana da ita, kuma su ne suka fi ƙarfin dantse.

Inda nake ganin aibi shi ne a tsawon hanyar da tsadarta. Tambayar da ta warware shari'ar tambaya ce ta fassarar jimla guda, amma sai da aka yi shekara uku da rabi, aka tara masu taya hukunci, aka yanka diyya, aka rage ta, kafin a amsa ta daidai. Kamfani mai ofishin lauyoyi na dindindin yana iya jure shekara shida kamar yadda raƙumi ke jure ƙishi. Mutum ɗaya kuwa shekarun nan daga cikin rayuwarsa ake yankarsu, wa'adin takardarsa kuma yana ta tafiya. Tsarin da mai gaskiya da marar gaskiya duka sai sun kashe miliyoyi kafin a gane wane ne wane, ya riga ya fifita mai aljihu tun kafin alƙali ya zauna. Sannan akwai abin da kotu ba ta da hurumin hukunta shi. Ko ganawar 2003 ta bar wani abu a zukatan waɗanda suka halarta, ko ba ta bari ba, dokar mallaka ba wannan take tambaya ba. Na'ura take dubawa ta gwada da jimlolin takarda. Haƙƙin ambato lamari ne na mutunci, babu ɗan sandan da ke karɓo shi.

Akwai kuma masu cewa a rushe tsarin baki ɗaya, domin ilimi baiwa ce, kuma ido biyun da ake faɗa a kan dabararsu babu wanda ya saye su a kasuwa. Wannan magana tana da nauyi, kuma wasu malamai sun tafi a kanta suna tsoron kada a faɗa cikin ɓoye ilimi. Amsata ita ce, takardar mallaka kishiyar ɓoyewa ce. Wanda yake son ɓoye dabara ba ya kai ta ofishin hukuma, rufe ƙofar maƙera yake yi, kuma mu mun fi kowa sanin ƙarshen wannan. Sirrin rini nawa, da haɗin jima nawa, da maganin gargajiya nawa suka bi masu su kabari don tsoron kada almajiri ya buɗe rumfa a gefensu? Takardar Tomita kuwa tana nan a intanet, duk ɗalibin da ya so zai karanta ta kyauta. Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta tsaya a kan cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke kiyayewa. Sharaɗin da zan ƙara da shi daga nawa fahimtar shi ne shingen ya kasance gajere, iyakarsa a bayyane, wa'adinsa kuma ya ƙare da gaske.

Kasuwa ma ta yi nata hukunci, wanda bai jira na alƙali ba. Bayan fim ɗin Avatar na 2009 kamfanoni sun yi rububin talabijin mai zurfi, masu na'urorin sinima suka yi ta kai juna ƙara, har a 2016 hukumar cinikayya ta Amurka ta hana shigo da wasu na'urorin kamfanin MasterImage bisa ƙarar kamfanin RealD. Amma zuwa 2017 manyan masu ƙera talabijin sun daina saka wannan fasaha, domin mutane sun gaji da tabarau da ciwon kai. Nintendo kansa tun a 2013 ya fitar da 2DS wadda allonta ba ya nuna zurfi, a 2020 kuma ya daina ƙera dangin na'urar gaba ɗaya. Ribar da aka yi faɗa a kanta ta zo ta wuce cikin shekara goma, alhali sunan Wheatstone yana nan a littattafan ilimin gani bayan shekara fiye da 180.

Me ya shafe mu, mu da ba mu ƙera talabijin? A kowane zango akwai matasa masu gyaran waya da walda da haɗa injin niƙa, kuma a cikinsu akwai masu fito da dabarar da babu ita a littafi. Gare su nake magana. Ka rubuta abin da ka gano da kwanan wata da zane, ka sa shaidu biyu su sa hannu. Wheatstone ya tsira ne saboda wani ya rubuta labarin bincikensa a 1833. Kada ka baje sirrinka gaban mai kuɗi don ya yaba maka kafin ka ɗaure shi da rubutacciyar yarjejeniya, kada kuma ka watsa shi a Facebook kafin ka nemi shawara, domin a yawancin ƙasashe abin da ya riga ya bazu ya daina zama sabo a idon doka, kuma wanda ya riga shigar da takarda shi ake saurara. Ka san ƙofar da za ka buga: Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda takarda guda ke aiki a ƙasashe 17, Gana da Sudan kuma suna cikin ARIPO da ke Harare. Idan ka zo rubuta iyakarka, nemi wanda ya san aikin, domin ka ga yadda jimla guda ta cinye dala miliyan 30. Idan kuma ka zaɓi hanyar Holmes ka bar wa jama'a, ka yi da saninka, ladanka yana wurin Allah.

Gare mu duka kuma, akwai haƙƙin da ba ya bukatar lauya ko kuɗin rajista. Idan ka koyi ɗinki a wurin wani, ka ambace shi. Idan ka ɗauko rubutu ka saka a shafinka, ka bar sunan mai shi a ƙasa, domin wannan cuta ta goge suna ta yi yawa a tsakaninmu, har ta zama kamar ba laifi ba. Brewster ya ƙera abin da ya faranta wa miliyoyin mutane rai, da ya tsaya a kan nasa da ya ishe shi, amma yau duk wanda ya ba da tarihinsa sai ya haɗa da labarin zanen Lille.

Allah ya ba mu ikon ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, ya jiƙan alhazan da suka kawo mana tsaraba.